A KOYA WA YARA AUNA LABARI KAFIN SU ƊAUKI ALƘALAMI

Daga Wakilinmu

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2022 ne Gwamnatin Tarayya ta yi bikin mayar da darasin Tarihi cikin makarantun firamare da ƙananan makarantun sakandare na ƙasar nan, bayan da ya shafe fiye da shekara 10 ba a koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Iyaye da malamai da sarakuna duk sun yi na'am da wannan mataki, kuma sun yi daidai. Amma fa da sauran magana, domin idan abin da za a yi a cikin aji bai wuce haddar sunayen sarakuna da shekarun da suka yi a kan gado ba, to, kaya kawai aka ƙara wa yaro. Abin da ya kamata ɗan shekara 12 zuwa 15 ya fita da shi daga darasin Tarihi, da na Hausa, da na Turanci, shi ne ya iya auna labarin da aka ba shi, ya kuma iya rubuta nasa ba tare da ya zalunci wanda ba ya wurin ba. Wannan shi ne abin da nake roƙon Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Sakkwato da malamanmu su duba, kuma zan kafa misali da yaran Dandin Mahe, a Ƙaramar Hukumar Shagari, domin kayan aikin wannan darasi suna nan a bakin ƙofarsu.

Da farko dai, akwai abubuwa uku waɗanda mu manya ma muke yawan cakuɗa su. Na ɗaya shi ne mahanga, wato wurin da mutum yake tsaye sa'ad da abu ya faru. Wanda ke kan doki da wanda ke cikin 'yan kallo ba su ganin hawan salla iri ɗaya, alhali kuwa babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Mahanga ba laifi ba ce, gama babu ɗan Adam da zai iya tsayawa ko'ina da ko'ina a lokaci guda. Na biyu shi ne son zuciya, wato mutum ya karkatar da labari da gangan, ko kuwa so ko ƙiyayya su rufe masa ido har ya tsallake abin da ya sani saboda bai yi wa ɓangarensa daɗi ba. Shi ne masu iya magana suka ce so hana ganin laifi. Na uku shi ne adalci, wato marubuci ya san inda yake tsaye, ya faɗi abin da ya gani da sunan gani, abin da ya ji da sunan ji, ya kawo hujjar abokin hamayyarsa yadda shi mai ita zai yarda cewa tasa ce, sa'an nan ya yanke hukunci gwargwadon shaida. Adalci bai hana mutum ra'ayi ba. Alƙali ma yakan yanke hukunci, amma sai bayan ya saurari mai ƙara da wanda ake ƙara.

Wani zai ce me ya sa za a fara tun daga ƙaramar sakandare? Dalili na farko shi ne a nan ne yaro yake fara rubuta insha'i mai tsawo, yana shiga muhawara, yana jin cewa shi ma yana da ta cewa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dalili na biyu shi ne, bisa ga tsarin ilmin bai-ɗaya wanda aka ƙaddamar a nan Sakkwato ran 30 ga watan Satumba na 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, shekara 9 na farko su ne ilmin da ya wajaba a ba kowane yaro, kuma a aji uku na ƙaramar sakandare suke ƙarewa. Yara da yawa a karkara, musamman mata, daga nan suke sallama da makaranta, saboda haka abin da ba a koya musu ba kafin wannan aji, da wuya su sake samun mai koya musu. Dalili na uku shi ne wayar hannu. Yaron da a dā sai ya fita dandali yake jin labari, yau labarin ne ke iske shi har cikin ɗaki ta WhatsApp da Facebook da TikTok, da hoto da murya, babu sunan mai shi, babu ranar da aka ɗauka, kuma shi ma da taɓa waya sau ɗaya ya isar da shi ga mutum ɗari.

LABARIN SATIRU

Yaron Dandin Mahe ba ya bukatar a kawo masa labarin wata ƙasa mai nisa kafin ya gane wannan darasi. A maƙwabtansa, tsakanin ƙasar Dancadi ta Ƙaramar Hukumar Bodinga da ƙasar Dange, kimanin mil 14 kudu da birnin Sakkwato, akwai kufan wani gari da ake kira Satiru. Ga abin da ya faru a taƙaice.

Ran 15 ga watan Maris na 1903 sojojin Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, ya rasu a yaƙin Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara, Turawa kuwa suka naɗa Muhammadu Attahiru na Biyu. A cikin 1904 shugaban mutanen Satiru ya yi da'awar Mahadi, aka kama shi aka kai Sakkwato, ya rasu yana tsare, ɗansa Malam Isa ya gaje shi. A farkon 1906 wani malami da ake kira Ɗan Makaho ya iso Satiru daga ƙasar da ke hannun Faransa, bayan wani bore da aka yi wa Faransawa a yankin Dosso. Ran 13 ga watan Fabrairu mutanen Satiru suka auka wa wani ƙauye na kusa da su mai suna Tsomo, suka kashe mutane. Washegari, ran 14 ga wata, rundunar sojan doki ta taso daga Sakkwato, sai mutanen Satiru, waɗanda yawancin makamansu gatura ne da fartanyu da kwari da baka, suka tarwatsa ta. Aka kashe Turawa uku, wato Muƙaddashin Razdan Hillary, da mataimakinsa Scott, da Laftana Blackwood, tare da sojoji baƙar fata 25, aka kuma ƙwace bindiga mai ruwa. Ran 10 ga watan Maris wata runduna mai soja fiye da 500 ta komo a ƙarƙashin Manjo Goodwin, tare da mahayan Sarkin Musulmi. Aka rushe Satiru, aka kashe mutanen da aka fi ƙiyasta yawansu da kimanin 2,000, aka kwashe mata da yara, aka yanke wa Ɗan Makaho hukuncin kisa a Sakkwato, Sarkin Musulmi kuma ya la'anci duk wanda zai sake gina garin ko ya noma gonakinsa.

To, wannan labari ɗaya yana da baki aƙalla huɗu. A cikin rahotannin da Gwamna Lugga da Razdan Burdon suka rubuta, mutanen Satiru 'yan tawaye ne masu tsaurin kai, abin da aka yi musu horo ne, kuma abin yabo a cikin al'amarin shi ne biyayyar Sarkin Musulmi. Mahangarsu a fili take: Turawa 'yan ƙalilan ne ke riƙe da ƙasa mai faɗin gaske da soja kaɗan, shekara uku kacal da cin Sakkwato, suna tsoron kada wuta ta bazu ta cinye su, kuma dole ne su gamsar da shugabanninsu na Landan cewa abin da suka yi ya zama tilas. Amma ko a Landan ɗin ba a taru aka zama ɗaya ba, domin Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a Ofishin Mulkin Mallaka, daga baya kuma ya zama Firayim Ministan Ingila, ya rubuta a cikin fayil yana nuna ƙyamar yadda aka karkashe jama'ar da kusan ba su da makami. Ashe ke nan ko a ce "Turawa sun ce" ma, sai an tambaya wane Bature.

Baki na biyu shi ne na fadar Sarkin Musulmi. A wurin fada, da'awar Mahadin ƙarya ce, fitina ce wadda za ta jawo wa Musulmi halaka, kuma manyan fada sun ga abin da bindiga mai ruwa ta yi a 1903. Tun bayan cin Sakkwato Waziri Muhammadu Buhari ya rubuta wa malamai takarda yana bayyana hujjar da ta sa ya zauna ya yi sulhu da Turawa domin a tsare addini da rayukan jama'a. Baki na uku shi ne na mutanen Satiru kansu, waɗanda aka kashe akasarinsu, ba su kuwa bar rahoto a ofis ba. Sai daga baya masana suka bi sawu. Farfesa R. A. Adeleye ya buga nazarinsa a 1972, ya kuwa kira abin da ya faru nasarar Mahadiyawa da ramuwar gayyar Ingilishi tun daga kan sunan maƙalar. A 1990 Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka nuna cewa da yawa daga cikin jama'ar Satiru talakawa ne da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, boren nasu kuma ya shafi Turawa da masu sarauta gaba ɗaya. Baki na huɗu shi ne wanda kusan kowa yake mantawa da shi, wato na mutanen Tsomo. Wanda ke son ya mai da Satirawa jarumai tsantsa sai ya tsallake su, wanda kuma ke son ya wanke Turawa sai ya tuna da su na layi ɗaya kawai, domin su zama hujjar abin da ya biyo baya.

Malamin da ke da wannan labari a hannunsa yana da darasin mako uku. A mako na farko sai ya raba aji gida huɗu, kowane gida ya rubuta shafi ɗaya da bakin ɗaya daga cikin waɗannan ɓangarori, da sharaɗin kada a ƙara abin da bai faru ba. Nan yara za su gani da idonsu cewa ana iya samun labari huɗu mabambanta ba tare da an yi ƙarya ko ɗaya ba. A mako na biyu sai a yi musayar takardu, kowa ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka yanke hukunci tun ba a kawo shaida ba, kamar tawaye da gwagwarmaya, horo da kisan gilla, biyayya da miƙa wuya, ya kuma rubuta abin da marubucin ya tsallake. A mako na uku kowane yaro ya rubuta nasa rahoto guda, wanda jikan Basatire da jikan mutumin Tsomo da jikan bafade za su karanta kowa ya ce ba a zalunce shi ba, ko da bai yarda da hukuncin da aka yanke a ƙarshe ba.

Har ila yau akwai darasi a cikin lissafin kansa. Turawa uku an san su da sunayensu, sojoji 25 an san su da adadinsu, mutum 2,000 kuwa ƙiyasi ne. A tambayi yara, wa ya ƙidaya? Me ya sa aka san sunan wasu ba a san na wasu ba? Tun a cikin 1377 Ibnu Haldun ya yi gargaɗi a cikin Muƙaddimarsa cewa goyon bayan wani ra'ayi ko wata ƙungiya yana cikin manyan abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin labari, ya kuma nuna yadda marubuta kan kumbura yawan runduna ba tare da sun tambayi kansu ko filin yaƙin zai ɗauke ta ba. Yaron da ya saba tambayar wa ya ƙidaya, ba zai yi saurin tura saƙon da ke cewa an kashe mutum ɗari a wani ƙauye ba sai ya bincika.

GADON SIFAWA DA BODINGA

Akwai masu ganin cewa irin wannan koyarwa baƙuwar al'ada ce wadda za ta koya wa yara raina magabata. Amsar wannan ma tana nan kusa da Dandin Mahe. A Sifawa ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana Bodinga. A wannan zamani ne, cikin 1812, Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, littafin da har yau shi ne babban madogara a kan tarihin jihadi. Bello ba ɗan kallo ba ne, shi ya jagoranci yaƙe-yaƙe da dama daga cikin waɗanda ya ba da labarinsu, saboda haka mahangarsa ba a ɓoye take ba. Duk da haka, da ya zo kan rigimar Barno, sai ya kwafe wasiƙar Shehu Muhammadu Laminu Alkanemi a cikin littafinsa, wasiƙar da ke tuhumar jama'ar Shehu da yaƙar Musulmi, tana cewa laifuffukan da ake jingina wa mutanen Barno saɓo ne wanda bai kai kafirci ba. Sai da ya bar abokin hamayya ya yi magana da bakinsa, kana ya ba shi amsa. Da Bello ya ga dama da ya taƙaita wasiƙar yadda za ta yi rauni, amma bai yi ba, shi ya sa a yau mai karatu yake iya auna hujjojin biyu da kansa.

Malam Abdullahi kuma ya yi abin da ya fi wannan wuya. A cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya rubuta a 1813, ya ba da labarin yadda ya bar runduna ya nufi gabas har ya tsaya a Kano, saboda ya ga wasu daga cikin 'yan uwansa masu jihadi sun fara karkata ga neman mulki da dukiya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kowa yakan taka nasa ya hango na wani, amma shi ya dubi tudun da ke ƙarƙashin ƙafar jama'arsa ya rubuta. Wannan tarbiyya kuwa daga Alƙur'ani suka samo ta. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni da a binciki labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci mutane cikin jahilci a koma ana nadama, aya ta 8 a Suratul Ma'ida kuma ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar yi musu adalci. Malaman Hadisi ma ba su karɓar ruwaya sai sun san wa ya ji daga wa, da halin kowane mai ruwaya. Yaron da ke zuwa makarantar allo ko Islamiyya ya riga ya ji ƙamshin wannan ilmi, abin da ya rage shi ne malamin boko ya nuna masa cewa ma'aunin nan yana aiki a kan jarida da rediyo da saƙon waya.

Idan malami yana son misali na kusa-kusa, to, ga na ɗan ƙasarsu, marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato kafin ya shiga siyasa, ya kuma shugabanci ƙasar nan daga 1979 har ran 31 ga watan Disamba na 1983 da soja suka hamɓare gwamnatinsa. Jawabin da Birgediya Sani Abaca ya karanta a rediyo a ranar ya zargi gwamnatin da cin hanci da lalata tattalin arziki, littafin tarihin rayuwarsa da Alhaji Shehu Shagari ya fitar a 2001 kuma ya ba da nasa bayanin. Mai juyin mulki yana bukatar hujjar abin da ya yi, wanda aka hamɓare yana bukatar ya kare sunansa, kuma yaran yankin suna da tasu karkatar, domin na gida ne. Darasin da ya fi amfani shi ne wanda yaro zai gane cewa shi ma yana da ɓangaren da zuciyarsa ke so.

HARSHENMU YA TANADI MA'AUNI

Malamin Hausa yana da babban rabo a cikin wannan aiki, domin harshenmu ya tanadi kayan aunawa. Ɗauki kalmar "wai". Idan mutum ya ce "ya biya kuɗin", ya ɗauki nauyin maganar. Idan ya ce "an ce ya biya kuɗin", ya nuna ji ya yi. Idan kuwa ya ce "wai ya biya kuɗin", ya nuna ji ya yi kuma yana shakka. Marubuci mai son zuciya yakan manna wa maganar abokin gabarsa "wai", ya bar ta mutanensa tsirara kamar wahayi. Haka nan "an" da "aka" sukan ɓoye mai aiki. "An ƙone rumbuna" da "mutanen gari kaza sun ƙone rumbuna" ba ɗaya ba ne, kuma sau da yawa marubuci yakan ambaci sunan mai laifi idan bare ne, ya koma ga "an" idan nasa ne.

A ba yara jimloli uku a kan abu ɗaya wanda suka sani sarai: "shanu sun shiga gona", "makiyayi ya tura shanu cikin gona", "gona ta ci burtali". A tambaye su wace jimla ce ta faɗi abin da aka gani kawai, wace ce ta ɗora niyya a kan wani, wane bincike kuma ake bukata kafin a rubuta ta biyu ko ta uku. A aji ɗaya a wannan yanki za ka sami ɗan manomi da ɗan makiyayi a kan benci guda. A wannan zamani da matsalar 'yan bindiga ta addabi sassan Sakkwato da Zamfara da Katsina, wasu kuma suke amfani da waya suna ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila ɗungum, yaron da ya iya bambanta "wasu mutane" da "mutanen nan duka" ya sami abin da zai iya tsare ran maƙwabcinsa.

Muhawarar da ake yi a makarantunmu ma tana bukatar gyara. Yadda aka saba, ana ba yaro gefe ɗaya, a ce malami ya fi likita ko likita ya fi malami, wanda ya fi iya murɗa magana shi ne gwani. Wannan yana koyar da ƙarfin hali a gaban jama'a, amma yana kuma koyar da cewa manufar magana ita ce ka kayar da abokin hamayya ko ta halin ƙaƙa. Gyaran ba shi da tsada. Bayan zagaye na farko sai a juya, kowa ya kare gefen da ya soka ɗazu, sauran 'yan aji kuma su rubuta hukunci irin na alƙali, su faɗi hujja mafi ƙarfi ta kowane gefe.

Akwai wani haɗari wanda dole malami ya kiyaye, wato kada yara su fita da tunanin cewa tun da kowa da mahangarsa, to, babu gaskiya ke nan, kowa tasa ta fisshe shi. Wannan ɓata ne. An rushe Satiru ran 10 ga watan Maris na 1906, ko mutum yana son Turawa ko yana ƙinsu. Wanda ya ce ba a kashe kowa a Tsomo ba ya yi ƙarya, ba mahanga ba ce. Adalci kuma ba ya nufin a raba laifi biyu daidai wa daida a kowace shari'a, domin wani lokaci shaida takan nuna cewa gefe ɗaya ne ya fi zalunci, kuma wajibi ne a faɗa. Abin da ake nema shi ne yaro ya riƙe tambayoyi huɗu a kan duk abin da ya karanta ko ya rubuta: wa ya faɗa, ina yake tsaye, me zai samu ko ya rasa, kuma wa ba a ji ta bakinsa ba. Waɗannan tambayoyi sun hau kan kowace jarida, har da ta gwamnati irin wadda ke hannun mai karatu yanzu, kuma jaridar da ke tsoron a yi mata su ba ta cancanci kuɗin da aka saye ta ba.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMA

Ko shakka babu malamin ƙauye yana fama da cunkoson aji da ƙarancin littattafai, kuma ba a koya wa yawancinsu wannan hanya ba sa'ad da suke kwaleji. A jami'a kam an daɗe ana yin ta. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi nazari a kan yadda ya kamata a auna abin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya rubuta game da Katsina, maimakon a haɗiye shi ba tauna. Abin da ake bukata shi ne a sauko da ita daga jami'a zuwa ƙaramar sakandare, cikin harshen da yaro zai gane.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta farko, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, tare da Sashen Tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su tsamo gajerun sassa daga rahotannin Turawa da ke Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da wasiƙun Bello da Alkanemi, su fassara su da Hausa mai sauƙi, a buga ɗan littafi wanda bai wuce shafi 30 ba a raba wa makarantu. Ta biyu, Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha su sa wannan hanya cikin horon da ake ba malaman Tarihi da Hausa da Turanci. Ta uku, kuma ita ce mafi muhimmanci, a sa ta cikin jarrabawar ƙarshen aji uku, a ba yaro labari biyu masu saɓani a kan abu ɗaya a ce ya nuna inda suka dace, da inda suka saɓa, da abin da kowannensu ya tsallake. Kowa ya sani abin da ba ya fitowa a jarrabawa malami ba ya ɓata alli a kansa.

Ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan shafi sun fi kowa sanin nauyin abin da ake magana. Rahoton shafi biyu da ƙaramin ma'aikaci ya rubuta a kan rigimar gona ko ta sarauta, shi ne Babban Sakatare zai karanta ya sa hannu, sau da yawa ba tare da ya taka ƙafarsa a wurin ba. Idan mai rahoton ya ji bakin mutum ɗaya, ko ya sa "wai" inda bai kamata ba, an zalunci wani ke nan da tambarin hukuma, kuma takardar za ta zauna cikin fayil ana ta kafa hujja da ita, kamar yadda rahotannin 1906 suke zaune a Kaduna har yau. Yaran da ke ƙaramar sakandare yanzu a Dandin Mahe da Bodinga da Shagari su ne akawuna da alƙalai da 'yan jaridar da za su rubuta irin waɗannan takardu nan da shekara 15. Ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta fara shirin tun daga zangon karatu mai zuwa. Allah ya sa mu dace, amin.